Sai Da Ƙasa Ake Dashe: Dashen Haƙori Ga Masu Tsagewar Leɓe Da Ganɗa

Duk wanda ya san garin Dutse ya san shi da abu biyu, watau duwatsu da dabino. Har ma akwai tashar binciken dabino ta Gwamnatin Tarayya a garin. Masu lambun dabino suna da wani ilmi da suka gada kaka da kakanni. Idan ana son itace mai kyawun 'ya'ya, ɗan da ya tsiro a gindin uwa ake cirewa a dasa. To, amma kafin a cire shi sai an gyara ramin da zai shiga, an tabbata akwai isasshiyar ƙasa wadda saiwa za ta kama, an kuma jira lokacin da ya dace. Wanda ya yi dashe a kan falalen dutse, ko ya yi shi ba a kan kari ba, ya yi asarar ɗan itace da wahalarsa.

Wannan ƙa'ida ta masu lambu ita ce likitocin haƙori suke bi yayin da za su dasa wa mutum haƙori a madadin wanda babu. A wurinsu ƙashin muƙamuƙi shi ne ƙasa. Akwai kuwa wasu bayin Allah da ake haifa da tsaga a leɓe da ganɗa, kuma a daidai wurin da suka fi bukatar haƙori, a nan ne ƙashin ya yanke. Wannan maƙala za ta bayyana yadda tsagar take samuwa, da yadda kimiyya ta gano dashen haƙori, da kuma dalilin da ya sa nasarar dashen da za a yi wa saurayi ɗan shekara 18 ta dogara a kan abin da aka yi masa tun yana jinjiri da kuma yana firamare.

Yadda Tsagar Take Samuwa

Fuskar ɗan Adam ba a dunƙule take farawa ba. A makonnin farko na ciki, wasu sassan tsoka ne suke tasowa, ɗaya daga sama ta wajen goshi, wasu daga dama da hagu, su taho su haɗu a tsakiya su manne. Leɓen sama yana haɗuwa tsakanin mako na 4 da na 7, ganɗa kuma tana biyo baya daga mako na 6 zuwa wajen na 9. A wannan lokaci ɗan tayin bai wuce girman ƙwayar wake ko ta gyaɗa ba, kuma sau da yawa uwar ma ba ta riga ta tabbatar tana da juna biyu ba.

Mai karatu zai iya ganin shaidar wannan haɗuwa a jikinsa. Idan ya dubi madubi zai ga wasu layuka biyu da suka sauko daga hanci zuwa leɓen sama, da ɗan kwari a tsakaninsu. A wajen waɗannan layuka ne sassan suka haɗu. Idan kuma ya ɗora harshe a bayan haƙoransa na sama ya ja shi baya sannu a hankali, zai fara jin tudun dasashi, sannan ganɗa mai tauri wadda ƙashi ne a cikinta, sannan ganɗa mai laushi wadda ta ƙare da beli. Idan haɗuwar ba ta kammala ba, sai a haifi jariri da tsaga. Wani a leɓe kaɗai take, wani a ganɗa kaɗai, wani kuma takan faro daga leɓe ta ratsa dasashi ta wuce har beli. Tana iya zama gefe ɗaya ko gefe biyu, kuma ta fi yawa a gefen hagu. Tsagar leɓe ta fi samun maza, ta ganɗa zalla kuwa ta fi samun mata.

Masana sun gano cewa abubuwa da dama ne suke haɗuwa su kawo wannan. Akwai gado, domin an gano wasu ƙwayoyin halitta da ke da hannu a ciki. Akwai kuma shan taba ga mai ciki, da ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da wasu magungunan farfaɗiya, da ƙarancin wasu sinadaran abinci irin su folik asid, wanda ake samu a ganyaye da wake, ake kuma ba mata ƙwayarsa wajen awon ciki. Duk da haka, a mafi yawan jarirai ba a iya nuna dalili guda a ce shi ne. Saboda haka zalunci ne a ɗora wa uwa laifi, ko a ce ta yi wa wani dariya, ko ta gamu da iska. Ya kamata kuma a bambanta wannan tsaga da cutar noma, wadda take cin kumatu da leɓen yaron da aka haifa lafiya lau, wadda kuma saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Ita tsagar leɓe da ita ake haihuwar mutum, ba ta yaɗuwa, ba ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar mafi yawan masu ita.

A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta cewa jariri 1 cikin kimanin 700 ake haifa da ita. A Nijeriya, wani bincike da aka yi a Inugu aka buga a 1982 ya sami jariri 1 cikin kimanin 2,700, wani kuma da aka buga a 2014, wanda ya tattara bayanai daga asibitoci da dama, ya sami 1 cikin 2,000. Ma'ana, a duk haihuwa 100,000 za a sami jarirai kamar 50. Sai dai waɗannan alkaluma daga littattafan asibiti suka fito, alhali a karkarar Jigawa mata da yawa a gida suke haihuwa.

Illar Tsaga Ga Ci Da Magana Da Haƙora

Ganɗa ita ce bangon da ya raba baki da hanci. Idan ta tsage, jariri ba ya iya zuƙo nono da ƙarfi, abin da ya samu ma yakan biyo ta hanci. Wannan shi ne haɗari na farko, domin yunwa tana iya kayar da shi tun kafin a kai ga maganar tiyata. Dabarar ita ce uwa ta tatsi nononta ta ba shi da ƙaramin kofi ko cokali mai tsabta, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, tana riƙe da shi a zaune. Haka nan kada a bari wanzami ya taɓa belun irin wannan jariri, domin likita yana bukatar duk tsokar da ke wurin idan ya zo ɗinki.

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibansa aikin ganɗa wajen magana ba tare da wani kayan gwaji ba. Sai ya sa su ce “baba” suna toshe hanci da yatsa, za su ji kalmar ta fita daidai. Sannan su ce “mama” hanci a toshe, za su ji ta lalace. Dalili shi ne, wajen furta “b” ganɗa mai laushi tana ɗagawa ta rufe hanyar hanci, wajen furta “m” kuwa tana sauka ta bar iska ta bi ta hanci. Mai tsagar ganɗa ba ya iya rufe wannan ƙofa, saboda haka sautuka irin su b, d, k, s, ƙ da ts suna yi masa wuya, maganarsa ta riƙa fita ta hanci. Bugu da ƙari, tsokar ganɗa ce take buɗe 'yar hanyar da ta haɗa maƙogwaro da kunne. Idan ba ta aiki sosai ruwa yakan taru a cikin kunne, ji ya ragu. Yaro da yawa da ake ɗauka daƙiƙi ne a aji, jin malam ne ba ya yi.

Sai kuma haƙora. Idan tsagar ta ratsa dasashi, to ta raba ƙashin da haƙora ke tsirowa a ciki. Wurin da take bi kusan kullum ɗaya ne, watau tsakanin babban haƙorin gaba da fiƙa, inda ƙaramin haƙorin gaba na biyu ya kamata ya fito. Shi ya sa a yawancin masu irin wannan tsaga haƙorin nan ba ya fitowa sam, ko ya fito ƙanƙane, ko a karkace. Giɓi ne a gaban baki, inda kowa ke gani da zarar mutum ya yi murmushi.

Zomo Da Ƙarfen Titaniyam

A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Per-Ingvar Brånemark yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi. Ya sanya wata 'yar na'urar leƙe da aka ƙera da ƙarfen titaniyam a ƙashin ƙafar zomo. Da ya gama gwajinsa ya zo cire na'urar, sai ta ƙi fita. Ƙashin ya tsiro ya manne wa ƙarfen gam, kamar dai jikinsa ne. Wani mai binciken da takaicin asarar na'ura kawai zai ji, amma shi sai ya tsaya yana tambayar dalili.

A al'ada jiki ba ya son baƙon abu. Idan ƙaya ko ƙusa ta shige shi, yakan kewaye ta da tsoka mai tauri ko ya yi ruwa ya fitar da ita. Titaniyam ya sha bamban, domin da zarar ya haɗu da iskar oksijin sai wata fata siririya ƙwarai ta rufe shi, wadda ba ta tsatsa, ba ta kuma tayar wa jiki hankali. A kan wannan fata ƙwayoyin da ke gina ƙashi suke zama su yi aikinsu. Shi wannan ƙarfe shi ne na 22 a jadawalin sinadarai da ɗalibai ke haddacewa. An gano shi a Ingila a 1791, nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na baƙin ƙarfe ba, kuma ana samun ma'adininsa a Nijeriya, cikin baƙin yashin da ake tacewa daga kuza a ƙasar Jos.

A 1965, a birnin Gotenbag, Brånemark ya fara gwada wannan ilmi a jikin ɗan Adam. Mutumin da ya ba da kansa, Gösta Larsson, an haife shi da tsagar ganɗa da naƙasar muƙamuƙi, kuma ba shi da haƙori a muƙamuƙinsa na ƙasa. An dasa masa ƙusoshin titaniyam 4 a wannan muƙamuƙi aka ɗora haƙora a kansu, ya kuwa ci abinci da su fiye da shekara 40, har ya rasu a 2006. Da farko likitoci da yawa ba su yarda da Brånemark ba. Sai a wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982, inda ya gabatar da sakamakon aikin shekara da shekaru, sannan duniya ta karɓa. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka buga rahoton farko-farko na dasa irin wannan haƙori a cikin gurbin tsagar kanta.

Dashen haƙori ya bambanta da haƙorin Makka, wanda hula ce kawai ake kifa wa haƙorin da yake nan da saiwarsa. Ya kuma bambanta da haƙoran roba da ake cirewa a wanke. Shi dashe saiwa ce sabuwa ake yi wa mutum. Likita yana kashe zafin wurin da allura, ya huda ƙashi a hankali yana zuba ruwan sanyi don kada zafin huji ya kashe ƙwayoyin ƙashin, sannan ya murɗa wata ƙusa ta titaniyam mai kaurin milimita 3 zuwa 5, tsawonta kuma kamar santimita 1. Sai a jira wata 3 zuwa 6 har ƙashi ya kama ta, sannan a ɗaura mata kan haƙori na tangaran mai launin sauran haƙora.

Matakai Huɗu Kafin A Kai Ga Dashe

A ɗauka an haifi yaro mai cikakkiyar tsaga a wani ƙauye na Kiyawa ko Jahun. Tafiyarsa zuwa ga cikakken murmushi tana da zango-zango, kuma kowane zango yana da lokacinsa.

Zango na farko shi ne ɗinkin leɓe, wanda ake yi yana wata 3 zuwa 6. Likitoci suna da wata tsohuwar ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, cewa jariri ya kai mako 10, nauyinsa ya kai kimanin kilo 4 da rabi, jininsa kuma ya isa. A nan ake ganin amfanin ciyarwar da aka ambata a baya, domin yaron da ya rame sai an ɗaga masa aiki.

Zango na biyu shi ne ɗinkin ganɗa, tsakanin wata 9 da 18, watau kafin yaro ya buɗe baki da magana sosai. Idan aka makara, harshe da maƙogwaro sun riga sun koyi furuci ta karkatacciyar hanya, kuma gyaransa sai da doguwar horaswa.

Zango na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi, alhali shi ne gyaran ramin dashe. Ɗinkin leɓe da na ganɗa tsoka da fata kawai suke haɗawa, ƙashin dasashi yana nan a rabe a ƙarƙashi. Saboda haka idan yaro ya kai shekara 8 zuwa 11, likita yakan ɗebo ɗan ƙashi mai laushi mai kama da soso daga ƙugun yaron, ya cike gurbin da shi, ya rufe da dasashi. Wasu likitocin Amurka biyu, Boyne da Sands, su ne suka bayyana wannan hanya a 1972. An zaɓi waɗannan shekaru ne domin a lokacin fiƙar girma tana cikin ƙashi tana shirin fitowa. Idan ta ratso ta cikin sabon ƙashin, sai ta raya shi ta riƙe shi. Dalili kuwa shi ne ƙashi abu ne mai rai, wanda ke ƙaruwa inda ake ɗora masa nauyi, ya zaizaye inda ba ya aiki. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, shi ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1892.

Zango na huɗu shi ne jera haƙora da waya. A nan likita yake yanke shawara a kan giɓin. Sau da yawa yakan jawo fiƙa ta matso ta rufe shi, a gyara mata siffa, shi ke nan ba a bukatar dashe. Wani lokaci kuma giɓin ya yi faɗi, ko rufe shi zai karkatar da baki, sai a bar gurbin a buɗe a sa haƙorin roba na wucin gadi, a jira lokacin dashe.

Ba a yin dashen sai girman muƙamuƙi ya tsaya, watau wajen shekara 16 zuwa 17 ga mata, 18 ko fiye ga maza. Haƙorin halitta yana rataye ne a cikin raminsa da wasu ƙananan zaruruwa, shi ya sa yake tafiya tare da muƙamuƙi yayin da yake girma. Ƙusar titaniyam ba ta da waɗannan zaruruwa. Kamar turke take, inda aka kafa ta nan za ta tsaya. Idan aka dasa wa yaro ɗan shekara 12, sauran haƙora za su ci gaba da saukowa su bar ta a baya, ta zama gajeruwa a tsakaninsu. Kuma da yake an yi shekaru babu haƙori a gurbin, sau da yawa ƙashin da aka zuba ya ragu, sai an ɗan ƙara wani 'yan watanni kafin dashe. Idan an bi waɗannan matakai, bincike ya nuna kusan 9 cikin 10 na irin wannan dashe suna nan daram bayan shekara 5. Abin da ya fi kayar da su shi ne shan taba, da ciwon sukari da aka yi wa sakaci, da ƙazantar baki, domin dasashin da ke kewaye da ƙusa yana kumbura kamar na kowane haƙori idan ba a goge shi.

Halin Da Ake Ciki A Jigawa

A Dutse akwai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, wanda ke aiki tare da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. A Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya. A Kano kuma akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mai sashen tiyatar baki da fuska, da Tsangayar Koyon Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero. Duk jaririn da aka haifa da tsaga, abin da ya dace shi ne a kai shi asibiti mafi kusa a makon farko, a auna shi, a koya wa uwa ciyarwa, a ba su takardar zuwa inda ake aikin. Ƙungiyar agaji ta Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana haɗa gwiwa da asibitoci da dama a Nijeriya, tana ɗaukar nauyin ɗinkin leɓe da ganɗa ba tare da iyaye sun biya ba. Dashen haƙori kuwa har yanzu aiki ne mai tsada, kuma a manyan birane aka fi samun masu yinsa.

Duk da wannan dama, likitocin Kano da Zariya sun buga rahoto a 2013 a kan manyan mutane a Arewa maso Yamma da suka girma da tsagarsu ba a taɓa ɗinke ta ba. Wani binciken na 2007 ya nuna cewa yawancin iyaye Hausawa da Fulani da aka tambaya sun ɗauki abin a matsayin nufin Allah. Wannan aƙida tana da alheri babba, domin tana sa a rungumi yaro a rene shi kamar kowa. Abin da ya rage shi ne a tuna cewa yarda da ƙaddara ba ta hana neman magani, kamar yadda malaman addini suka sha bayyanawa. Babba ma ana iya ɗinke masa leɓe, fuskarsa ta gyaru. Sai dai magana da ƙashin dasashi sun fi gyaruwa idan an yi a kan lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

Shekarun nan na 8 zuwa 11, waɗanda ake cike gurbin ƙashi a cikinsu, su ne shekarun aji 3 zuwa 6 na firamare. A lokacin leɓe ya daɗe da warkewa, iyaye sun ɗauka an gama, ba su da wani dalilin komawa asibiti. Wanda yake ganin yaron kullum, yana jin furucinsa, yana lura da ko yana juyowa idan an kira shi, shi ne malaminsa. Malamin da ya ga tabon ɗinki a leɓen ɗalibinsa, ya zaunar da shi a layin gaba, ya hana 'yan aji yi masa ba'a, ya kuma aika wa mahaifinsa cewa a mai da shi likitan haƙori ya duba dasashinsa, ya yi masa abin da kuɗi ba zai saya masa ba bayan shekara 10. Haka nan ɗalibin sakandare da ya koma gida hutu ya ji an haifi irin wannan jariri a unguwarsu, ya san abin da zai gaya wa iyayen: ana ɗinkewa, akwai inda ake yi kyauta, kuma a fara da ciyar da shi. Daga cikin waɗannan ɗalibai ne kuma ake fatan samun likitocin haƙori da na tiyatar fuska da za su zauna a Dutse da Jahun da Birnin Kudu, yadda ɗan Jigawa zai sami dashe a gida kamar yadda yake samun dabino.